Wa ke shuka gawo? Aikin da ƙudan zuma da akuya ke yi wa abincin bisashenmu

Yau maganar icce zan yi, ba ta allura ba. Ku yi haƙuri ku bi ni, za ku ga inda ta haɗu da turken kowa.

A ranin bara, cikin watan Afrilu, aka kira ni wani ƙauye a gabashin Maraɗi in duba tumakin wani dattijo. Tumaki uku ne masu ciki suka kwanta, ba sa tashi sai an ɗaga su. Na duba ido da baki, na auna zafin jiki, na duba kashi. Babu zazzaɓi, babu zawo. Ciwonsu yunwa ce, wata da watanni busasshen kara kaɗai suke ci. Na ce masa, "Baba, waɗannan ba allura suke so ba. A samo musu ƴaƴan gawo da ɗan dusa." Ya girgiza kai ya ce, "Likita, ƴaƴan gawo ai yanzu a kasuwa suke, da tiya ake aunawa. Da muna yara sai dai mu kora awaki gindin icce, su ci su ƙoshi."

Muka zaga gonarsa. Na ƙirga itatuwan gawo bakwai, duk tsofaffi, duk an sassare musu rassa. Ƙarami ko ɗaya ban gani ba. Na ce, "Baba, wa ya shuka waɗannan?" Ya ce, "Ɗana, ba wanda ke shuka gawo. Akuya ke shuka shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma masu bincike sun tabbatar da ita. Sai dai kafin akuya ta samu abin shukawa, akwai wani ma'aikaci da ya riga ta, shi ne ƙudan zuma da ƴan uwansa ƙwari. Idan ɗaya daga cikin biyun ya daina aiki, gawon gobe ya yanke, kuma bisashenmu ne za su fara ji a jikinsu.

Lambun da ba na kayan miya ba

Akwai wani irin lambu da ake kira lambun binciken tsirrai. A cikinsa ana tara itatuwa da ciyayi iri-iri, kowanne da ɗan allo mai sunansa da wurin da aka samo shi, masana su zauna kusa da su shekara da shekaru suna lura. Wanda ya fi suna shi ne lambun Kew da ke birnin Landan, wanda aka kafa a 1759. A shekarar 2000 masu lambun suka buɗe babban rumbun ajiyar irin tsirrai a kudancin Ingila, inda ake busar da iri a ajiye shi cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, don ya daɗe bai mutu ba. Masanan wannan rumbu sun yi aiki tare da ma'aikatan gandun daji na Burkina Faso da Mali da Nijar kan irin itatuwa da ciyayinmu na Sahel, a cikin shirin nan na babbar ganuwar itatuwa.

Tambayoyi biyu masu wannan aiki ke yawan yi wa kowane icce. Ta farko: wa ke yi wa furensa barbara har ya yi ƴaƴa? Ta biyu: wa ke ɗaukar irinsa ya kai shi inda zai tsiro?

Hanyar da suke bi ba ta da wuyar ganewa. Ni kaina na ga irinta lokacin da nake makarantar koyon aikin kiwo, a wani ɗan lambu da malaminmu ke kula da shi bayan azuzuwa. Kafin fure ya buɗe, sai a rufe wasu rassa da jakar yadi mai ƙananan ƙofofi kamar gidan sauro, iska na shiga amma ƙwaro ba ya shiga. Wasu rassan a bar su a buɗe. Sai mutum ya zauna da takarda yana rubuta duk abin da ya sauka kan furen, da safe, da rana, har da dare. Bayan watanni a ƙirga ƴaƴan kowane reshe. Idan rufaffen reshe bai yi ƴaƴa ba, ko ya yi kaɗan, an gane iccen nan yana buƙatar baƙo. Na iri kuma, sai a ƙirga ƙwayoyi a ba wa bisa ta ci, a riƙa tara kashinta kowace rana, a wanke, a ƙirga waɗanda suka fito lafiya, a shuka su a ga nawa za su tsiro.

Barbarar fure

Makiyayi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan barbara. Akuya ba ta haihuwa sai da bunsuru. Haka icce yake. A cikin fure akwai ɓangaren namiji mai fitar da wani gari mai laushi, irin wanda muke gani yana zuba daga kan hatsi idan ya yi bununi. Akwai kuma ɓangaren mace, wanda sai bununin ya sauka a kansa sannan ɗa ya ƙullu. Wasu itatuwan ma namiji daban mace daban, kamar dabino da goriba da giginya. Shi ya sa masu dabino ke hawa su ɗaura furen namiji cikin na mace da hannunsu.

Icce ba ya tafiya, dole wani ya kai masa bununin. Hatsi da gamba da sauran ciyayi iska ke yi musu. Kuka kuma jemage ke yi mata. Furenta fari yana buɗewa da magariba, da ƙamshi mai nauyi, kafin wani daren ya yi yaushi. A shekarun 1930 ne masana suka fara lura da jemagu na zuwa furen kukokin da aka shuka a tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, nesa da gidan kuka na asali. A shekarun 1940 aka ga haka da ido a nan Afirka ta Yamma. Ɗorawa ma jemage na cikin masu yi mata wannan aiki. To, wanda ke korar jemagu daga gari ya sani kuka da kalwa yake taɓawa.

Gawo da bagaruwa da kandili da magarya kuwa ƙwari ne masu yi musu: ƙudan zuma, zanzaro, ƙudaje, malam-buɗe-littafi. Kun san halin gawo, ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damana yana tsaye babu ganye, sai ruwa ya ɗauke ya yi sabon ganye, ya yi fure daga kaka zuwa ɗari, ƴaƴansa su nuna daga tsakiyar ɗari zuwa rani. Ke nan yana fure lokacin da sauran furanni suka ƙare a daji, shi ya sa idan ka tsaya gindinsa da hantsi za ka ji yana gunji da ƙudan zuma. Su suna neman ruwan zaƙi, bununi na manne musu a jiki, su kai wa wani iccen. Gawo ya fi yin ƴaƴa masu kyau da bununin wani gawon, kamar yadda garke ke gyaruwa idan an kawo bunsuru daga wani gida. Saboda haka gawo ɗaya tilo a tsakiyar fili, nesa da ƴan uwansa, bai kai wanda ke cikin jama'a samun baƙi ba.

Ba kowane fure ke zama ɗa ba, ko da ƙwari sun wadata. Mafi yawa zubewa suke yi, haka halittarsa take. Amma idan ƙwarin suka ragu, ɗan abin da zai ƙullu ma sai ya ƙara raguwa.

Tafiyar iri ta cikin tumbi

Ɗauki ɗan gawo ɗaya ka duba. Ja ne, a murɗe, kuma ba ya fashewa da kansa kamar kwanson wake. A ciki akwai ƙwayoyi masu sheƙi, sau da yawa sun wuce 10, kowace da ɓawo mai taurin da ruwa ba ya shiga da sauƙi. Idan ɗan ya faɗi gindin uwarsa ya zauna a nan, abu biyu ke jiran sa. Akwai wani ƙaramin ƙwaro, ɗan uwan wanda ke huda wake a rumbu, da ke cinye cikin ƙwayar ya bar ƴar ƙofa. Wadda ta tsira daga gare shi kuma, ko ta tsiro, tana ƙarƙashin babban icce ne inda bisashe ke tattakewa kullum.

A nan bisa ke shigowa. Ta ci ɗan gawon don zaƙinsa da amfaninsa. Kuma yana da amfani: sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya kan wuce kashi 10 cikin 100, alhali busasshen karan hatsi da ƙyar yake kai rabin haka. Wannan ne ladan da icce ke biyan ta. Ita kuma ta yi masa aiki uku. Ta raba ƙwayar da kwansonta tun ƙwaro bai gama da ita ba. Haƙori da ruwan tumbi su ƙanƙare ɓawon wasu ƙwayoyin har ruwan sama ya samu hanyar shiga. Sannan ta kai su nesa, ta ajiye su cikin taki. An yi irin wannan bincike kan dangin kandili a gabashin Afirka da kuma hamadar Gabas ta Tsakiya, aka ga irin da bisashe da namun daji suka ci da wuri ya fi tsira daga ƙwaron nan a kan wanda ya daɗe a ƙasa.

Tafiyar ba kyauta ba ce. Ƙwayoyi da yawa na farfashewa a baki ko su narke a ciki. Tumaki da awaki sun fi niƙa abinci da kyau, don haka sun fi lalata iri, saniya kuwa ta fi fitar da shi lafiya. Waɗanda suka tsira suna fara fita bayan kwana ɗaya, mafi yawa cikin kwana biyu zuwa huɗu, ƴan kaɗan su kai mako. Ku lissafa nisan da garke ke yi a burtali cikin kwana huɗu, za ku ga iyakar gonar da saniya ke shukawa. Wasu ƙwayoyin suna fita da laushi su tsiro da ruwan farko, wasu da taurinsu, su jira wata damanar. Wannan ma dabara ce, don idan ruwan farko ya yi ƙarya ba duka za su mutu ba.

Manyan ƙwallaye kamar na aduwa da magarya ba lallai su bi ta kashi ba. Ku duba makwancin awaki da safe, za ku ga ƙwallaye a zube, waɗanda suka tofar lokacin tuƙa. Sai kuma buzuzu, wanda ke mirgina kashin shanu ya binne shi da damana. Duk ƙwayar da ya binne tare da kashin ta samu rami da taki, ta kuma ɓuya daga ɓera da tururuwa.

Gwajin da muka yi da wata ƙungiyar mata

Bayan na dawo daga wurin dattijon nan, na kai maganar wa wata ƙungiyar mata masu kiwon jar akuya da nake bi. Muka yi gwaji a bayan gidan shugabarsu, da tsofaffin robobi da rairayi. Kashi na farko, irin da muka ɓare daga ƴaƴan gawon da suka daɗe a ƙasa. Na biyu, irin da yara suka tsinto daga kashin awaki a turke. Na uku, iri mai kyau da muka ɗan ƙanƙare gefensa da abin yanke farce, kamar yadda masu renon itatuwa ke yi. Muka riƙa ba su ruwa daidai wa daida.

Wanda muka ƙanƙare shi ya riga fitowa, cikin ƴan kwanaki, kusan gaba ɗaya. Na kashin awaki ya riƙa fitowa ɗaya-ɗaya har tsawon makonni. Na ƙasa kuwa, tun wajen ɓarewa matan suka ga yawancinsa da huda, kuma kaɗan ne ya tsiro. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Ashe abin yanke farce ya fi akuya." Na ce, "Inna, ya fi ta sauri, amma wa zai bi daji da shi yana ƙanƙare iri ɗaya-ɗaya, ya kai gona, ya zuba taki, ba a biya shi ko dala ba?" Aka yi dariya. Kowace ƙungiya na iya yin wannan gwajin, ba ya cin kuɗi, kuma gani ya kori ji.

Inda igiyar ke tsinkewa

To, in haka ne, me ya sa gonar dattijon nan babu ƙaramin gawo? A yawon da nake yi na ga wurare biyar da igiyar ke tsinkewa, kuma da hannunmu a kowanne.

Na farko, sarar rassa lokacin fure. Idan ciyawa ta yi ƙaranci, makiyayi ya hau gawo da gatari tun kaka, ya sauke rassa don ganye. Bisashe su ci na kwana biyu, amma furen da zai zama buhunan ƴaƴa a rani ya tafi. Iccen da aka yi wa aski ƙwal kuma ya kan ɗauki shekaru kafin ya koma yin ƴaƴa kamar da.

Na biyu, kakkaɓe ƴaƴa tun ba su nuna ba. Saboda sun zama kuɗi, kowa na tsoron wani ya riga shi, sai a sa ƙugiya a sauke su ɗanyu. Ƙwayar da ba ta ƙosa ba ba ta tsirowa, ko wace bisa ta ci ta. Waɗanda suka nuna ma ana kwashe su zuwa birni, ragon layya ya ci a cikin gida, kashin ya ƙare a bola.

Na uku, niƙa. A nan dole in faɗi gaskiya a kan aikina, don mu ma'aikatan kiwo mu ne ke cewa a daka ko a niƙa ƴaƴan gawo kafin a ba bisa. Shawarar daidai ce ta fuskar ƙiba, domin ƙwayar da ta fita lafiya bisa ba ta amfana da ita ba, niƙaƙƙiya kuwa tana narkewa. Amma niƙaƙƙen iri ba ya tsirowa. Idan duk ƴaƴan gawon gari suka bi ta injin niƙa, an ci na bana an cinye na jikoki.

Na huɗu, guba da magani. Maganin feshin gona da maganin kaska da muke wanke bisashe da shi, da yawansu suna kashe ƙudan zuma. Na sha ganin an wanke famfon feshi a bakin tabki ko a kwamin rijiya, wurin da ƙudan zuma ke shan ruwa da rani. Masu cin zuma da wuta su ma suna ƙone gida gaba ɗaya don zumar dare ɗaya. Allurar ibamektin kuma, wadda ake yi don tsutsar ciki da ƙazuwa, saurarta na fita cikin kashi na kwanaki, tana cutar da buzuzu da sauran ƙwarin da ke aikin kashi. Magani ne mai kyau, ban ce a bar shi ba. Abin da ke ɓarna shi ne a saye shi a kasuwa a riƙa tsira wa garke duka, kowane lokaci, ba awo ba dalili.

Na biyar, bisashe sun daina kwana a gona. Da can, bayan an saki gonaki, makiyayi kan sauka a gonar manomi, shanu su ci kara su bar taki, manomi ya ba da hatsi. A cikin takin nan gawo ke zuwa. Yanzu an kwashe kara an kai gida, wani wurin kuma rashin jituwa ya hana saukar. Ɗan abin da ya tsiro kuma, hauya ta share shi da noman farko, ko akuyar da ta shuka shi ta cinye shi da rani.

Ba kowane iri ne alheri ba

Bisa ba ta zaɓen abin da take ɗauka. Ƙarangiya da kashin yawo a gashi da ƙafa suke tafiya. Garmani, wanda ya cinye burtali da makiyayu da yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƴaƴansa na da ƴan ƙayoyi masu maƙalewa a jikin bisa. Bisashe ba sa son cin sa yana ɗanye, suna cin ciyawar kirki da ke gefensa, shi kuma ya zubar da irinsa a natse. Akwai kuma ƙayar nan baƙuwa da masana ke kira furosofis, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, aka kawo ta don tsare rairayi da samar da itacen wuta. Ƴaƴanta na da zaƙi, bisashe na son su, kuma ta cikinsu ta bazu har ta rufe wurare a yankin tafkin Cadi. Bisar da ta daɗe tana cin ƴaƴanta su kaɗai kan samu ciwon muƙamuƙi, baki ya karkace, ta kasa tuƙa, ta rame.

A ƙasar Ostareliya, wani nau'in bagaruwa da aka kai don inuwa da abincin bisashe ya zama annoba a makiyayu, kuma shanu ne suka fi baza shi. Shawarar da ake ba makiyayan can ita ce su tsare shanun da suka ci ƴaƴanta a wuri ɗaya kusan mako guda kafin su kai su sabon fili, don cikinsu ya zazzage. Wannan dabara za ta yi mana amfani ta fuska biyu: mu tsare garken da ya fito daga cikin furosofis kafin ya shiga fadama ko fili mai kyau, mu kuma kai garken da ya ci gawo ya kwana inda muke son gawo.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ba sabon abu nake kawowa ba. Dattawan Damagaram na ba da labarin yadda sarakunansu na da suka sa hukunci mai tsanani kan mai saran gawo, kuma har yau ƙasar Magarya da Matamai da Mirya ta yi suna da gawo. Dokar gandun daji ta ƙasa ma ta sa shi cikin itatuwan da aka kare. Sassaben zamani, wanda ya fara bazuwa daga jihar Maraɗi a shekarun 1980, ya maido da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a ƙasar nan, ba tare da dashe ba. Manoma ne suka riƙa barin tohon kututture da ƴan tsiron da suka fito da kansu. Gawo da yawa a cikinsu bisashenku ne suka kai irinsa.

Ga abin da nake ba ƙungiyoyin da nake bi shawara:

1. A zauna da mai gari da manoma a sa lokacin da za a fara tsintar ƴaƴan gawo, kamar yadda ake sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar, ba ƙugiya. Wanda ya faɗo da kansa shi ne nunanne.

2. Kada a sari gawo yana fure. Idan dole ta sa, a rage wasu rassa a gefe ɗaya, a bar kan iccen, kuma kada a koma wa icce ɗaya shekara biyu a jere. A nemi izinin mai gona da na ma'aikatan gandun daji.

3. A raba ƴaƴan gida biyu. Na rago da sa na turke, da masu ciki da masu shayarwa da suka raunana, a niƙa. Na garken da ke fita kiwo a ba shi yadda yake. A fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma kada a ba da wanda ya yi fumfuna. Ƴaƴan bagaruwa suna da ɗaci mai ɗaure ciki, kaɗan ake haɗawa.

4. A ƙarshen rani, garken da ya ci ƴaƴan gawo ya kwana a gona ko a filin da ake son gyarawa, ana gusar da makwanci bayan ƴan kwanaki. Takin turke ma a kai gona, akwai iri a cikinsa.

5. Da noman farko, a nuna wa yara da ƴan ƙwadago ɗan gawo, a kafa masa sanda. Da rani a kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin bakin akuya. Kada a ga bai yi tsawo ba a raina shi, saiwarsa ce ke fara nutsawa neman ruwa.

6. Kada a yi feshi kusa da icce mai fure, kada a wanke famfo ko a zubar da ragowar maganin kaska a mashaya. A haƙa rami nesa da ruwa a zuba. Ƙungiyar da ke da hali ta rataya amya a kan gawo, ga zuma ga ƴaƴa.

7. Maganin tsutsa a yi shi da shawarar ma'aikacin kiwo, a kan nauyin bisa da lokacin da ya dace.

8. Garmani a tuge shi kafin ya yi ƴaƴa, a watsa irin ciyawar kirki a wurin, a huta da kiwo a nan har ciyawar ta zubar da irinta.

Ranar 3 ga watan Agusta kowace shekara muna dasa itatuwa, kuma abu ne mai kyau. Amma kowa ya san nawa ke kai wa rani a cikinsu. Gawon da ya tsiro da kansa daga kashin saniya saiwarsa ba ta taɓa tanƙwarewa cikin leda ba, kuma bai ci kuɗin kowa ba. Tsaro kaɗai yake nema, na shekara biyu ko uku.

Dattijon nan, tunkiya ɗaya ta mutu, biyu sun tashi sun haihu. Da kakar bana na koma yin rigakafi a ƙauyensu, ya kama hannuna ya ja ni gona. Ya sa jikokinsa sun bi inda shanun wani baƙo suka kwana a bara, sun kafa sanda a kan duk ɗan gawon da suka gani. Na ƙirga sanduna goma sha ɗaya. Tsiron bai wuce taƙi ɗaya ba. Na ce, "Baba, sai an yi shekaru kafin waɗannan su yi ƴaƴa." Ya ce, "Na sani, likita. Waɗancan bakwai ɗin ma ba ni na tsare su ba."

Wanda ya yi gwajin robobin nan a ƙungiyarsu, ya gaya wa ma'aikacin kiwo na gundumarsu abin da ya gani, mu ji ko an samu bambanci tsakanin kashin shanu da na awaki. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya bisashe.